Ranar da Muka Kai Yaya Lamisi Aburi

Yaya Lamisi, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, shekara talatin tana sayar da wake da shinkafa a bakin babbar gota, wato kwatar da ta ratsa unguwar Nima. Hannun dama na kan ludayi, na hagu na korar ƙuda. Ni dai ban taɓa ganinta zaune ba in ba a sallaya ba.

Shekara biyu bayan babbar yunwa jiri ya fara kayar da ita. Likita ya ce jininta ya hau, in ba ta bar tukunyar nan ba, tukunyar za ta kai ta. Ɗanta Sayibu ya ce mu kai ta lambun Aburi ta ɗanɗana zama, ko ta yarda ta bari.

Ƙarshen damina ne. Muka hau tirotiro, motar haya, tana ta mita har kan dutsen da lambun yake. Wurin sanyi, itatuwa dogaye, ganye ya zuba ko'ina. Muka taka kaɗan ta ce ƙafarta, muka zauna.

Sai ga malam-buɗe-littafi, rawaya da baƙaƙe, sun fi ashirin. Ɗaya ya sauka a hannunta. Fat! Ta kai masa duka.

Na ce, "Haba Yaya, ba ƙuda ba ne."

Ta ce, "Fuseina, hannun ne, ba ni ba."

Ta zauna a kan hannun hagun, wallahi, kamar mai danne kaza. Wani tsuntsu mai shuɗin wuya ya zo yana tsalle gabanmu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan me yake sayarwa?"

"Ba komai, Yaya."

"Kuma yana ci?"

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Can ta jingina da itace, barci ya ɗauke ta, baki buɗe. Muka bar ta tana barci har la'asar. Sayibu ya ce mini a hankali, "Inna, ina ga ta yarda."

A mota ya ce, "Mma, kin ga daɗin hutu? Gobe ki kwanta abinki."

Ta ce, "Na gani, Allah ya yi maka albarka. Amma na jiƙa wake kafin mu fito. Sai in bar shi ya yi tsami?"

Shekara huɗu ta ƙara. Wata Talata da hantsi ta zauna gefen murhu, ta ce a miƙo mata ruwa. Kafin a kawo ta tafi. Allah ya jiƙanta. Rabin tukunyar ma ba ta sayar ba.