Ranar da Bitrus ya duba min bashin gida

Muna zaune a kafe a Na'ibawa, Bitrus abokin aikina a masaƙar Challawa yana duba min ragowar bashin gidana a intanet, don ni ban iya kwamfuta ba.

Ranar Talata ya roƙe ni rancen kuɗin asibitin matarsa, na rantse ba ni da ko sisi. Laraba na kai wa banki kuɗin obatayim ɗina, ƙari kan biyan wata.

Sai ga kuɗin obatayim ɗin a allo, har da kwanan wata.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ya ragu sosai, Malam Sani. Allah ya sa ka gama lafiya."

Na ce, "Amin."

Shekaru sun wuce, na gama biya tuntuni. Bitrus bai sake roƙona komai ba har aka rufe masaƙar, ya koma garinsu.

Da ku ne, da wane baki za ku neme shi yanzu?