Igiyar da Muka Kwance da Damina

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye gefen Watari, na tarar yaran ajina ba su taɓa ganin wasan kwaikwayo ido da ido ba, sai a waya. Na shirya musu labarin jaki da akuya, aminan juna, an ɗaure su a turke ɗaya. Akuya ta ciccije igiya su arce, mai gida ya bi su da ƙaton tumbin da aka yi masa da tsumma, yana faɗuwa, wando na zamewa.

Aminina ɗaya ne a garin, wani manomi da muke cin tuwo kwano ɗaya. Shi ya ara mini igiya da turke, ya share mana ƙofar gidansa. Ya dai ce in bari sai kaka. Na ce masa dariya ba ta da lokaci. Ni ɗan birni mai takarda, wa ya isa ya gaya mini?

Ran wasa an yi dariya har da riƙe ciki. Shi kansa sai da hularsa ta faɗi.

Abin da ban sa a kai ba, damina ce. A can gona manne take da gona, shi ya sa daga shuka har girbi ko ɗan akuya ba a saki, sai mai unguwa ya sa an yi shela. Washegari maza suka tafi kasuwa, 'yan wasana suka bi gida-gida suna kwance awaki, wai suna 'yanta su. Gonar farko a bakin gari ta aminina ce, wakensa ya fara fure. Kafin azahar awaki sun mai da ita fili.

Aka zane yaran, aka hana wasa a makarantar. Ni ko kallon banza ba a yi mini ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Na je ba shi haƙuri, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Malam, ka koya musu kwance igiya, ba ka koya musu watan da ake kwancewa ba."

Da can sunana yake kira. Tun ranar na koma Malam. Har yau ina jin haushin kaina, ina kuma jin haushinsa, don da ya zage ni da an wuce wurin. Shekara uku na ƙara a garin, sahunmu ɗaya a masallaci, bai sake ce mini bisimilla ga tuwo ba. Da na mayar masa da igiyarsa, cewa ya yi in riƙe.