Tafinta a Shari'ar Gonar Rogo

Shekarun baya, lokacin ina sayar da takalma a kasuwar Race Course, shanun wasu makiyaya da suka tsallako iyaka suka cinye gonar rogo a wani ƙauyen Asante. Sarkin ƙauyen ya tsare shanun, ya ce makiyayan su bar masa ƙasarsa. Ofishin jakadancin ƙasarsu ya aiko wani jami'i daga Accra don a sasanta. Yana jin Hausa da Faransanci, amma Twi, yaren Asante, ko gaisuwa bai iya ba. Ni kuwa haifaffen unguwar Asawase ne, da Twi na tashi, sai kawuna ya ce ni zan yi masa tafinta.

Na ari babbar riga, na zuba turare, na hakimce a gidan gaba na mota ina ɗaga wa maƙwabta hannu. Ranar ko trotro, motar hayarmu ta kullum, ban kalla ba.

A fada ba a yi wa sarki magana kai tsaye, sai ta bakin kakakinsa, wani tsoho mai riƙe da sanda. Jami'in ya gaya mini, in gaya wa tsohon, shi kuma ya gaya wa sarki. Muka bi layi daga dama muna gaisawa, muka zauna.

Jami'in ya gyara murya ya ce, "Gaya musu mun bincika, shanun da suka yi ɓarnar ba na mutanenmu ba ne."

Alhali a mota makiyayan sun amsa laifinsu a gabanmu. Gumi ya jiƙa rigar mutane. Na sunkuya na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba za ta iya fita daga bakina ba. Gobe kai kana Accra, ni ina nan."

Ya harare ni ya ce, "Mutanena nake karewa, aikina ke nan."

"To a kare su da wata maganar."

Sai ya sauke numfashi ya ce in faɗa musu shanun na mutanensa ne, suna neman afuwa, kuma makiyayan za su sake dasa rogon da hannunsu. Na fassara.

Tsohon bai juya wajen sarki ba. Ya dube ni ya ce da Hausa tsantsa, "Ɗana, ni ma a Zongo na girma, koko da ƙosai ya raine ni. Da ka kawo wancan magana na farko, yau ko jela ba zai fita garin nan ba."

Jami'in ne ya fara dariya, har yana share hawaye. Kafin la'asar aka saki shanun, aka bar makiyayan su zauna. Na koma gida da daɗi fal cikina da kan ayaba guda.

Ban ga laifin jami'in sosai ba, nasa yake son tserarwa. Amma har yau in shugabanni biyu suka zauna a talabijin, ba su nake kallo ba. Wanda ke bayansu yana raɗa musu a kunne nake kallo, ina yi masa addu'a.