Ranin da Ramatu ta nema

Ban taɓa mantawa da ranar da shugabar sashenmu ta kira ni daga Lyon zuwa Paris ba, kuma ba ta faɗi dalili ba. Aikina a labo, wato ɗakin bincikenmu, shi ne adana ma'aunin ruwa da dusar ƙanƙara da ke sauka a ƙuryar arewacin duniya. Duk mai bincike da ke son na wasu watanni, ni yake tambaya.

Ramatu 'yar Maraɗi ce, a reshen Paris take. A lokacin kujerar aikin dindindin guda ce ta fito, kuma mu biyu muke nemanta. Kafin wannan kira ta bugo mini waya, muka gaisa a gurguje, ta ce, "Yaya Habu, turo mini na rani." Na tura mata na Maris da Afirilu, don a can ma su ne watannin fari. Ruwa da dusar sun fi sauka a ƙarshen zafi.

Ashe ta kai su gaban manya a matsayin na Yuli da Agusta, aka yi mata kaca-kaca.

A ofis shugabar ta tambaye ni ko da gangan na yi. Ramatu na gefe, ko kallona ba ta yi. Ni ma fa zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Me ya sa ta nema ta waya, ba a rubuce ba? Na ce a raina tarko ne aka ɗana mini.

Na juya gare ta da Hausa. "Ba rani kika ce ba?"

"Rani mana, lokacin zafin nan da Faransawa ke kira été! Kowa a nan haka yake ce masa."

"Ramatu, a gidanku ana ruwa da rani?"

Na yi wa shugabar bayanin kalmar, ta gyaɗa kai, amma na ga ba ta gamsu ba. Kujerar dai wani aka bai wa daga waje.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙa faɗin sunan wata, kada ku faɗi yanayi. Ma'aunin an gyara shi a wuni guda, zargin ne ya ƙi gyaruwa. Har yau ban san ko ta yarda da ni ba, kuma abin yana ci mini rai. Muna waya kan aiki kusan kullum, amma tun ranar ba ta sake yi mini Hausa ba.