Guduma da Allon Hagu

A layinmu in ka ambaci Guduma, kafin a tuna ya taɓa zama zakaran dambe, hancin Dakta ake fara tunawa. Abin ya faru ne a siton da yake gadi, cikin wani ɗaki da aka toshe tagoginsa da baƙin yadi.

Masu bincike ne suka zo daga jami'a da wani akwati da ake ɗaura wa mutum a fuska. A cikinsa akwai ƙananan alluna biyu, kowane ido da nasa, sai ka ga kamar an ɗauke ka an kai ka wani wuri. Kamfanin da ke da siton yana so ya riƙa koya wa ma'aikata aiki da shi, amma an ce wasu in sun cire sai jiri, wasu idanu su yi ta zubar da ruwa, wasu kai ya sara har yamma. Shi ne shugabansu Dakta, wani siririn mutum mai tabarau da sanyin murya, ya zo ya auna abin. Yana ƙara haske, yana ragewa, yana tambayar mutum inda ya fara jin gajiya. Ma'aikata har rige-rige suke, don ɗakin da sanyi, ga kujera mai laushi. Guduma ne kaɗai ya noƙe, sai da manaja ya ce kowa da kowa.

Bai daɗe da shiga ba aka ji ƙara kamar buhun siminti ya faɗo daga mota. Da aka banka ƙofa, ga Dakta kwance cikin wayoyi, tabarau ya rabu biyu, jini na bin gemunsa har aljihun farar riga. Guduma kuwa yana tsaye da akwati a fuska, ya dunƙule hannu, yana jujjuyawa yana neman na biyu.

Duk wanda ya ji labarin cewa ya yi, ai a rina. Don a lokacin Guduma ya riga ya yi suna da saurin hannu, kuma matarsa ta riga ta bar gida saboda hannun nan.

Da ƙuruciya damben safar hannu ya yi. Ba ya rawa a fili, ba ya wasa da ƙafa, tsayawa yake kamar gini ya jira mutum ya kawo kansa. A wasansa na ƙarshe abokin karawarsa ya sa masa kai a idon hagu, fatar gira ta tsage har jini ya rufe masa rabin fuska. Ya share da safa, ya karya wa mutumin haƙarƙari, aka ɗaga hannunsa sama. Girar ta warke. Idon kuwa ya yi ta dusashewa a hankali har ya mutu, amma in ka kalle shi fari tas, baƙi ƙirin, babu alamar komai. Bai gaya wa kowa ba. Mutumin da aka yi wa tafi a tsaye ba zai yarda a koma ce masa mai ido ɗaya ba.

Sai dai jikin ɗan dambe ba ya ritaya. Duk abin da ya taɓa shi ta hagu bai gani ba, hannu ne ke amsawa kafin kai ya ji labari. Makanikin layinmu ya dafa masa kafaɗa don ya gaishe shi, ya kwana biyu yana shan abinci da cokali ta gefen baki. Wani ɗan dako a sito ya gifta shi da kwali, ya tsinci kansa a cikin kwalin. Kowane lokaci sai Guduma ya haɗe rai ya ce, "Wa ya ce ya taɓa ni?" A wurinsa gara a ce mugu ne.

Har aka zo kan matarsa, mai ɗinki, wadda tun tana budurwa take zuwa kallon wasansa. Wata rana da rana tsaka ta sunkuyo ta hagunsa za ta ajiye masa ruwa, gyalenta ya shafi kunnensa. Gwiwar hannu ta same ta a baki. Kofi ya fashe, haƙorinta na gaba ya faɗi a kan tabarma. Ta zauna tana tare jini da gyale, tana kallonsa, tana jiran ya ce wani abu. Ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ke ma kya riƙa yin motsi."

Kafin la'asar ta sa an ɗauki keken ɗinkinta, ta kwashi yara ta koma gidan yayanta mai walda. Yayan ya aiko cewa in Guduma ya taka ƙofar gidansa, a kwance za a mayar da shi. Aka fara maganar raba aure. A cikin wannan hali ne aka ɗaura masa akwati a fuska.

Aikin Dakta kuwa yana da tsari: yakan kashe allo ɗaya ya bar ɗaya, don ya ga yadda kowane ido ke gajiya shi kaɗai. Da ya kashe na hagu, Guduma ya yi ta lissafo abin da ya gani tiryan-tiryan. Da ya kashe na dama, duniya ta ɗauke ɗif.

"Me kake gani yanzu, Baba?"

"Irin na ɗazu."

"Wane launi?"

"Irin na ɗazun dai."

Dakta ya ɗauka akwatin ne ya zame. Ya taso a hankali, da takalminsa na roba marar ƙara, ya kai hannu bayan kunnen hagu zai gyara maɗauri. Sauran kun riga kun ji.

Manaja ya so kiran 'yan sanda. Dakta, da auduga cushe a hanci, ya ce a fita a ba su wuri. A cikin akwatin akwai 'yar kyamara mai bin ƙwayar ido. Dakta ya juyo da kwamfuta ya nuna wa Guduma idanunsa biyu, manya-manya kamar na bijimi. Na dama yana bin haske duk inda ya yi. Na hagu yana tsaye kamar fasinjan da mota ta wuce.

"Tun yaushe?" in ji Dakta, muryarsa na fita ta auduga.

Guduma ya shaƙo wuyan rigarsa ya ɗaga shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa. "In na ji maganar nan a waje, sai na cire maka sauran hancin."

"Ba aikina ba ne in faɗa. Ni allo na zo aunawa. Amma Baba, ban da ni, wa ka taɓa bugewa ta nan ɓangaren?"

Guduma ya sauke shi, har ya gyara masa wuyan riga. Ya fice.

Washegari da hantsi ya nufi gidan mai walda. A hanya ya shirya maganarsa tsaf, amma bai samu ya fara ba. Yana shiga tsakar gida ya hango matarsa a bakin ɗaki tana taka keke, ya kafa mata idonsa mai rai. Yayan kuwa yana ta hagu, wajen tarin ƙarafa. Mutum ne mai tumbi da ciwon gwiwa, in zai tashi daga kujera sai ya yi nishi. Ya ɗauki katako, ya tako a fili, ba ɓoyo ba sanɗa, ya ɗaga shi sama kamar mai faskare. Ko tsohuwa za ta kauce. Guduma ko ƙiftawa bai yi ba. Katakon ya sauka a gefen kansa, kunne ya tsage, ya zube a kan gwiwoyinsa, jini na ɗiga a siminti.

Yayan ya sake ɗagawa.

"Yaya, tsaya!" Matar ta ture keke ta taso. Ita da ta ga samari masu zafin nama sun kasa taɓa fuskar nan, ta san abin da ta gani bai yi kama da gaskiya ba. Ta zagaya ta hagunsa, nesa kaɗan, ta kaɗa hannu. Bai juyo ba.

"Baban yara, ba ka ga katakon ba?"

"Ban gani ba."

"Ranar ma ba ka gan ni ba?"

"Ban gan ki ba. Idon ya daɗe da mutuwa."

Ta taɓa gurbin haƙori da harshenta. Daga nan ta ɗauke shi da mari, ta dama, inda zai gani sarai.

"Wato gara a ce kana dukan matarka da a ce ba ka gani? Ni ka bari ina yawo da giɓi, kai kana adana mutunci?"

Yayan ya ajiye katako, ya ce shi dai da ya sani da bai sa ƙarfi haka ba. Ta ce da ya ƙara ma.

Ba ta dawo ranar ba. Sai da ya je ya faɗa wa makaniki da bakinsa, ya faɗa wa ɗan dako, ya faɗa wa manaja, wanda ya mayar da shi ƙofar da motoci ke shigowa ta dama. Sai da ya raka ta aka sa mata haƙori. Sannan keken ɗinki ya dawo, aka ajiye shi ta damar kujerarsa. Yanzu in kun gan su a titi, ita ce a hagu riƙe da hannun rigarsa, tana ce wa masu babur su yi a hankali, don lafiyarsu.

Kwanan baya a shagon aski, makaniki, daga can nesa ta dama, ya ce, "Guduma, an kai ka ka gwada musu allo, kai kuma ka gwada musu hancin Dakta."

Guduma ya bari aka gama dariya.

"Mutum ya ɗaure maka fuska, ya kashe maka fitila, ya lallaɓo ta bayan kunnenka, ku me za ku yi masa, addu'a? Kuma ai bincike suka zo yi, na ba su sakamako. Ku je ku gani, yanzu ba ya taɓa kowa sai ya yi sallama."