Malam Gwadabe da Lofe Ɗari Biyu

Idan ka bi ta Madachi da hantsi, za ka tarar da Malam Gwadabe ya dawo daga gona, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jera tsofaffin lofe na yumɓu yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Shi fa bai taɓa zuƙar taba ba. Shekara talatin yana yawo a kan keke, daga Rano har ƙauyukan Kibiya, yana roƙon lofen da tsofaffi suka mutu suka bari kafin a watsar da su a juji. An yi masa dariya har an gaji. Wani ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, kayan mashaya kake tarawa?" Ya ce, "Aikin hannun iyayenmu nake tarawa."

Malam bai yi boko ba. Kowane lofe da zaren da ya ɗaura masa, launin zaren da yawan ƙullinsa su ne sunan maginin. A cikinsu akwai guda ɗaya na kakana Badamasi, maginin Unguwar Gai, wanda ya rasu ban zo duniya ba. Ba hoto, ba riga, ba komai nasa da ya rage sai wannan. Tun bara Malam ya aiko in zo in gani. Ni kuwa sakarai, yau aiki gobe biki, ban je ba.

Watan jiya aka kai shi Kano aikin yanar ido. 'Yarsa Hidaya ta so ta faranta masa, ta share zauren fes. Ta ga zaren nan duk ya yi baƙi ƙirin da dauɗa, ta yanke shi kaf ta ƙone da shara. Da labari ya iske ni, na san lofen kakana ya ɓace a cikin sauran. Wallahi haushin kaina na ji, ba nata ba.

Ranar da aka sallamo shi na je. Ido ɗaya a rufe da auduga, ɗayan dama can ba ya gani sosai. Hidaya ta durƙusa tana kuka ta ce, "Baba, na yi ɓarna." Ya saurara har ta gama. Can ya ce, "To, ai kin yi shara. Tashi ki ɗauko biro da takarda, ki miƙo mini lofe ɗaya."

Ya juya lofen a tafin hannu, ya zura yatsa ciki. "Shitu na Rano. Gaggawa gare shi, ba ya shafe ciki." Aka miƙa wani. "Jannatu ce, da ƙayar aduwa take zane." Yana faɗa Hidaya tana rubutawa. Wasu sai ya ture su gefe ya ce, "Waɗannan sun shige mini, ba zan yi wa matattu ƙarya ba." Duk wanda ya ture, sai in bi shi da kallo. An yi azahar, an yi la'asar, na gefe sun kai bakwai, ban ji sunan kakana ba.

Saura 'yan kaɗan sai ya yi murmushi. "Ina jikan Badamasi? Karɓi. Kakanka bahago ne. Kowa gurbin babban yatsansa a dama yake, nasa a hagu." Jama'a, ni ɗin nan bahago ne, na sha ranƙwashi a kan haka ina yaro. Na ɗora yatsana a gurbin, ya zauna daram. Na yi ajiyar zuciya, hawaye suka zubo, ban ji kunyar kowa ba.

Malam, kai ne mai riƙon amanar waɗanda ba su ma ba ka ba. Kai ne ka haddace maginan da jikokinsu suka manta, har da ni mai wannan rubutu. Na gode, Allah Ya ƙara lafiyar ido, Ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu karatu, a kowace unguwa akwai dattijon da ya riƙe wani abu na iyayenku shi kaɗai. Idan ya aiko kiranku, ku bar abin da kuke yi ku tafi ranar. Ni na yi jinkirin shekara guda na tarar da nawa da rai. Ba kowa ke tararwa ba.