Bidiyon da Yayana Ya Kasa Gogewa

Yayana ko allura bai yarda ya mallaki guda ɗaya ba. Makullin ɗakinsa akwai wajen Mama, akwai wajena, akwai wajen mai shagon bakin layi da ko gaisawar kirki ba sa yi. Shi ya sa da kamfaninsu ya ɗora shi a kan rumbunan ajiyar bayanai muka ce to, an dace.

Rumbunan uku ne, kowanne a garinsa. Aikinsa ya tsara ƙa'ida: duk fayil ɗin da ya shiga ɗaya, kwafinsa ya wuce sauran biyun da kansa, in gobara ta ci wannan waɗancan suna nan. Bayanin nan mun sha shi har ya fita ranmu. Matarsa ma ta haddace, in ya tsaya shan ruwa ita take ƙarasa masa.

Abin da ya ƙwallafa wa rai kujerar shugaban sashe ce, shekara da shekaru. Manaja ya ce in tsarin ya yi kyau, kujerar tasa ce. Ai sai Yaya ya zaƙe. Ya ƙara wani kulle wanda duk abin da ya shiga rumbu ba mai iya goge shi sai bayan shekaru, ko shi kansa. Wani abokin aikinsa ya ce wannan ya yi tsauri. Yaya ya ce, "Ku masu kuskure ku ne da damuwa. Ni me zan goge?"

Sai dai yana da wata ɗabi'a. In zai gwada saiti ba ya tsayawa neman fayil na gwaji, duk abin da ke sama a wayarsa shi yake turawa, ko duba shi ba ya yi. Abin da ke sama a ranar da ya gwada sabon kullen kuwa bidiyon da matarsa ta ɗauka ne a falo: Yaya ya cusa matashi a riga ya yi tumbi, yana tafiyar Manaja, yana gyaran murya irin nasa. Ya iya, wallahi! Har dariyata ana ji a ciki.

Ranar nuna aiki aka cika ɗakin taro. Manaja ya ce, "Nuna mini abin da ka tura ya isa rumbun can mai nisa." Yaya ya buɗe shi a babban allo yana murmushi. Ya isa kam, ko ɗigo bai ragu ba, sautin ma tar.

Yaya ya yi wuf ya danna gogewa, kwamfuta ta ƙi. Ya koma rumbu na biyu, ta ƙi.

Manaja ya ce, "Saura na ukun."

"Ranka ya daɗe, shi ma ba zai gogu ba."

"Ko ni na ba da umarni?"

"Ko kai ne, ranka ya daɗe."

Manaja ya yi gyaran muryar nan sak, ya ce, "Aiki ya yi kyau."

Kujera dai wani aka ba. Yaya kuma ba a kore shi ba, kuma da korar aka yi da ta fi sauƙi. Yanzu duk kwastoman da ya zo yana shakkar ajiyarsu, sai Manaja ya sa a kira Yaya ya kunna bidiyon, ya danna gogewa da hannunsa a gaban baƙi, rumbu bayan rumbu. Ni haushi yake ba ni, tausayi kuma yake ba ni, don mutumin da ke cika gida da surutu yanzu in ya dawo ɗaki yake shigewa.

Kwanan baya wani kwastoma ya yi dariya har da hawaye, ya sa hannu a kwangila, ya ce wa Manaja, "Wannan ma'aikacin naka kada ka yarda ya bar wannan aikin."

Manaja ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Ina za shi?"